Waya Ɗaya, Yara Biyar: Yadda Nake Tafiyar da Aikin Bincike a Ƙaramar Sakandare

Shekarun farko da na yi ina koyar da kimiyya da kwamfuta a wata ƙaramar sakandare a nan Zariya, da alli nake koyar da kwamfutar. In zana ta a jikin allo, da linzaminta da igiyoyinta, yara su kwafa a littafi, ranar jarrabawa su dawo mini da kayana. Mai ƙoƙari ya ci maki 80, amma ka zaunar da shi gaban kwamfuta bai san inda zai taɓa ta kama ba. Ɗakin kwamfuta muna da shi, sai dai kullum da kwaɗo, ko an buɗe ma babu wuta.

Yanzu a kowace shekara nakan ware zango ɗaya, yara su ɗauko tambaya guda daga unguwanninsu su bi ta har ƙarshe. Su suna ce masa "firojek". Kayan aikinmu tsofaffin wayoyi ne guda goma sha biyu da kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya, tawa ta kaina. Malamai da yawa sun tare ni suna tambayar yadda ake yi, kuma kusan kowa da maganar na'ura yake farawa. Ni kuwa ita ce ta ƙarshe a lissafina. In tambayar ba ta yaran ba ce, ko kowa ka ba shi kwamfuta sabuwa fil, kwafe za su yi maka.

Masana ilimi suna jingina wannan hanya ga John Dewey da William Kilpatrick, wanda ya yi rubutu a kanta a Amurka a 1918. Ban ga baƙon abu a ciki ba. Shiga shagon masu ɗinkin babbar riga a cikin birni ka ga yadda ake koyar da yaro. Ba wanda ke zaunar da shi ya haddace sunayen allura. Ƙyalle ake miƙa masa, ya yi, a warware, ya sake, har ranar da za a yarda ya sa hannu a aska takwas ta rigar wani mutum da zai zo ya ɗaga ta ya duba. Abin da muke yi ke nan a aji: aiki na gaske, da gyara, da mai jiran a gama.

Aji biyu ya fi dacewa. 'Yan aji ɗaya ba su gama sanin juna ba, 'yan aji uku kuma hankalin kowa yana kan BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ba shugaban makarantar da zai saurare ka.

Neman tambaya

A nan na fi daɗewa, mako biyu cur, kuma a nan na taɓa faɗuwa. Karon farko ni na zaɓa musu: tarihin ƙofofin Zariya. Ina ji da kaina na kawo abu mai kyau. Na raba musu Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kona da sauransu. Bayan mako uku kowane rukuni ya kawo mini rubutu iri ɗaya, har kuskuren da ke ciki iri ɗaya ne. Yayan wani ne ya shiga shagon kwamfuta ya buga musu. Laifina ne. Na yi tambayar da amsarta ke kwance a intanet, tambayar da ba ta hana kowa barci ba.

Yanzu ga yadda nake yi. Ranar farko ba waya, ba littafi. Ina raba musu guntayen takardu, uku-uku, in ce kowa ya rubuta abu uku da ya gani tsakanin gida da makaranta waɗanda suka dame shi ko suka ɗaure masa kai. Da Hausa ko da Turanci, ba a sa suna. Rashin sa sunan nan yana da amfani, don yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba a nan take magana. Sai mu manna takardun a bango mu tara masu kama da juna: ruwa, bola, kwata, cunkoson Keke Napep a bakin kasuwa, farashin tumatir, zafin aji da rana.

Daga nan sai mu tace su da rariya uku. Shin waya za ta amsa wannan tambaya cikin minti ɗaya? In za ta amsa, a ajiye ta. Shin amsar tana inda ƙafarmu za ta kai? Sannan wa zai so jin amsar in ban da malam? Tambaya kamar "mene ne zaizayar ƙasa" tun a rariyar farko take faɗuwa. "Me ya sa layinmu ke cika da ruwa, na bayanmu ba ya cika" kuwa ta wuce duka ukun.

Tambayar da ta fi kowace yi mana albarka daga wata yarinya ta fito, wadda kullum sai an tare ta a bakin ƙofa saboda latti. Ta rubuta: "Ruwan da ke zuba daga kwanon ajinmu da damina, in an tara, zai kai kura nawa?" Ashe ita ke jiran 'yan garuwa kowace safiya kafin ta fito. Maganar ganuwa ma ta dawo wata shekara, amma a bakin wani yaro ta zama haka: "Ganuwar da ake ba mu labari, ina ta tafi?" Duba bambancin wannan da tawa. Tasa dole a taka a je a gani, a tambayi tsofaffi.

Gargaɗi ɗaya. Za ka ji tambayar da kake so tana yi maka ƙaiƙayi a baki. Haɗiye ta. In ka riga su faɗa, sun gane abin da malam yake so, shi ke nan sun koma 'yan amshin shata.

Kafin ka ci gaba, ga shugaban makaranta

Kada ka je masa da dogon bayani a kan sabuwar hanyar koyarwa. Ɗauki tsarin darussan zangon, wanda aka ciro daga manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu ta ƙasa, ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da aikin zai taɓa. A aikin ruwa mun sami awo da faɗin fili da girman mazubi daga lissafi, zagayen ruwa daga kimiyya, teburin lissafi daga darasin kwamfuta, rubuta rahoto da wasiƙa daga Turanci da Hausa. Na ajiye masa takardar na ce, "Ranka ya daɗe, ba abin da zan tsallake, jerin ne kawai zan sauya." Ya duba ya ce in dai littafin darasina zai cika kuma ba yaron da zai fita ba da sanin iyayensa ba, in je in yi. Darasi biyu a jere nake roƙo sau ɗaya a mako. Minti 40 ba ya isa, kafin a raba waya a zauna an buga ƙararrawa.

Nemi malamin lissafi tun da wuri, ko da shayi ne ka saya masa. Za ka buƙace shi.

Rukuni da waya

Biyar-biyar nake raba su, kuma ni nake rabawa, don in ka bar su, gwanaye za su dunƙule wuri ɗaya. Kowa da aikinsa: mai riƙe waya, mai rubutu, mai awo ko tambaya, mai kula da lokaci da kaya, da mai ba da rahoto. Duk mako ana juyawa. Wannan juyawar kada ka yi sakaci da ita. In ka kau da kai, yaron da babansa ke da shagon waya a Sabon Gari shi zai riƙe wayar daga farkon zango har ƙarshe, 'yan mata kuma su ƙare a masu kyan rubutu. Ina rubuta jadawalin juyin a kwali in manna, don kada a yi mini musu. Inda iyaye ba sa son a haɗa maza da mata, sai a yi rukunin mata zalla, aikin bai ragu da komai ba.

Wayoyin ba na yara ba ne, don dokar makaranta ta hana su zuwa da waya, kuma ina goyon bayan dokar. Tsofaffi ne da muka roƙo daga malamai da iyaye da tsofaffin ɗalibai, wasu fuskar ta tsage. Mai gyara ya duba batir, aka goge komai, aka cire layi. Kowace da lambarta a baya, suna kwana a akwati a ofis. Wanda ya ɗauka ya sa hannu, in ya dawo da ita ya sake sa hannu. Caji kuwa, ranar Lahadi da dare nake yi a gida in an kawo wuta, in ba a kawo ba in kai wa mai cajin bakin layi. Fawabank ɗaya yana cikin jakata saboda ko-ta-kwana.

Rashin layi a wayar ba naƙasu ba ne, shi ne ma kwanciyar hankalina. Abin da muke buƙata duk yana aiki ba data. Kyamara da rikoda suna nan. WPS Office tana buɗe rubutu da teburin lissafi irin na Excel. Kiwix tana ba ka damar sauke Wikipedia sau ɗaya ka riƙa karantawa ba intanet, akwai ta Hausa, akwai ta Turanci mai sauƙi. Ni nake saukewa a wayata, sannan in tura wa sauran ta Xender, wadda yaran sun fi ni iya ta. A sa musu Hausa a Gboard, wato allon rubutun waya, don su sami ƙ da ɗ da ɓ. Nakan rubuta "kafa" da "ƙafa" a allo in tambaye su wacce ke ciwo in an yi tuntuɓe, daga ranar ba mai sake raina ƙugiya.

In bincike ya kai ga dole a shiga intanet, ina buɗe musu daga wayata na minti goma, ina tsaye. Kafin nan rukuni ya rubuta a takarda abin da zai nema. Wanda bai rubuta ba, ba ya shiga.

Aikin ruwan sama, daki-daki

Zan buɗe wannan sosai don a ga yadda na'ura ke shigowa a inda ake buƙatarta kawai.

Damina a Zariya takan kankama ne daga Mayu zuwa ƙarshen Satumba, don haka aikin na zango na uku ne. Abu na farko, ma'aunin ruwan sama. Ba mu saya ba. Robar ruwa babba ake nema mai miƙaƙƙen jiki, a yanke kanta daidai inda ta fara tsukewa, a kifa kan a ciki ya zama mazurari. Gindin roba ba shafaffe ba ne, saboda haka a zuba tsakuwa, a ƙara ruwa har ya rufe ta, a ja layi a nan: shi ne sifili. A ɗaure rula da salatif daga wannan layi zuwa sama. A kafa ta a fili, nesa da bango da bishiya, a tokare da bulo. Awaki sun kifar mana da biyu a makon farko. Ban ce komai ba, su da kansu suka kewaye na gaba da ƙaya.

Kowace safiya a lokaci ɗaya ake karantawa, ido daidai da saman ruwan, a rubuta milimita nawa, a zubar a mayar sifili. A littafi ake fara rubutawa da biro. Sai ranar darasi a shigar cikin teburin lissafi a waya: kwanan wata a layi ɗaya, milimita a na kusa da shi. A nan na koya musu rubuta =SUM(B2:B31), bayan sun sha wahalar tarawa da hannu sun sami amsa uku mabambanta. Da na koya musu tun farko, da sun haddace sun manta. Amma da yake sun ji jiki, da jimlar ta fito da kanta sai da ajin ya ɗauki sowa. Wani ya sauya lamba ɗaya don ya gwada ko wayar za ta gane, ya ga jimlar ta motsa. Shi ya koya wa sauran rukunoni, ba ni ba.

Sai rufin. Ba mai hawa kwano, wannan doka ce. Aka ƙulla igiya mita-mita aka auna tsawo da faɗin ginin daga ƙasa, har da inda bakin kwanon ya zarce bango. Nan gardama ta tashi: wasu suka ce ai rufin a karkace yake, ya fi ƙasan faɗi, an cuce shi. Na bar su suka yi ta yi har aka tashi. Washegari wata ta zo da faranti, ta riƙe shi a kwance, ta karkata shi, ta ce ruwa daga sama yake saukowa, inuwar rufin a ƙasa ita ce abin da yake tara. Ta yi daidai, kuma ta fi ni iya bayaninsa.

Ga lissafin. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif, domin santimita 100 sau 100 sau 0.1 ya ba da 1,000, wanda shi ne girman lita ɗaya. A ce gini mita 20 ne a tsawo, 8 a faɗi, murabba'in mita 160 ke nan. In aka yi ruwa mai milimita 30 a dare ɗaya, lita 4,800 ta sauka a kansa. Jarka mai lita 25 guda 192. In kura tana ɗaukar jarka 12, kura 16 ke nan a dare guda. Yarinyar da ta kawo tambayar ta sake lissafin sau uku, ta ɗago ta ce, "Malam, wallahi wayar nan ƙarya take yi." Na ce to ki yi da biro. Ta yi.

Zariya takan sami kusan milimita 1,000 a shekara ko sama da haka kaɗan. A rufin nan lita 160,000 ke nan. Ba duka ake kamawa ba: wani ya fantsale, wani ya tsiyaye ta makwarara, ruwan farko kuma dole a bar shi ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye. In aka cire kashi ɗaya cikin biyar, saura lita 128,000. A nan suka ci karo da tambayar da ta fi ta farko wuya: ina za a zuba shi? Tanki mai lita nawa, kuma nawa ne kuɗinsa? Rukuni biyu suka tafi tambayar farashi wurin masu sayar da tanki tare da wani uba da ya yarda ya raka su ranar Asabar. Na kuma jaddada musu cewa ruwan rufi na wanka da wanki da ban-ɗaki ne, ba a sha sai an tafasa ko an sa magani.

Matsala ɗaya: Agusta ce ta fi ruwa, kuma lokacin ana hutu. Waɗanda gidansu ke da fili suka tafi da ma'auni gida, suka dawo da littattafansu a Satumba. Lambobin mai zama Tudun Wada da na mai zama hanyar Samaru ba su zo ɗaya ba a ranaku da dama, suka fara zargin juna da ƙirƙira. Sai da muka jera su a zanen sanduna aka ga cewa ruwa yakan sauka a wata unguwa ya tsallake wata, abin da kowace tsohuwa ta sani, amma yau ga shi a lamba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da tashar auna yanayi, kuma rubuta wasiƙar neman ziyara aiki ne mai kyau ga darasin Turanci. Su za su rubuta, kai ka gyara, shugaban makaranta ya sa hannu.

A zangon sanyi da bazara akwai wasu ayyukan: auna zafin ruwan randa da na bokitin roba awa-awa, ko bin farashin kwanon masara mako-mako.

In aikin na hira da mutane ne

Fara da mai unguwa. Ka je da kanka ka gaishe shi, ka faɗi abin da yaran za su yi da ranar da za su zo. Da ɗan gari akan ci gari, kuma shi zai nuna maka dattijon da ya san abin, ba mai yawan surutu kawai ba. Iyaye su sa hannu a takarda, da Hausa, mai faɗin inda za a je da wanda zai raka. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta nemi yardar iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro, amma ko ba doka, wannan mutunci ne. Ba na sa fuskar ɗan kowa a Facebook.

A aji muke gwadawa tukuna. Ni ne tsohon, in zauna a kan benci in yi kamar ba na ji sosai. Yaro ya yi sallama, ya durƙusa, ya gaisa har gaisuwa ta ƙare, ya faɗi ɗan gidan wane ne, sannan ya ce, "Baba, in ka yarda za mu ɗauki muryarka don kada mu manta." In ya ƙi, a rufe waya a buɗe littafi. A cikin gida 'yan mata ke shiga wurin iyaye mata, kuma ba hoto sai an ce a ɗauka. Tambaya biyar ta isa, kada a kawo wadda amsarta "e" ko "a'a" ce. A ajiye wayar kusa da bakin mai magana, nesa da titi, in ba haka ba ƙarar babur kawai za ku kwaso.

Wahalar tana wurin juyar da murya zuwa rubutu. Hirar minti goma takan cinye darasi guda. Kada ka tausaya musu, a nan ake koyon rubutun Hausa na gaskiya. 'Yan aikin ganuwa sun dawo da labari iri-iri: wannan ya ce Sarauniya Amina ce ta gina, wancan ya ce an riga ta farawa, wani ya ba su labarin yadda aka riƙa ɗibar ƙasarta ana gini. Suka tambaye ni wanne ne daidai. Na ce su yi layi uku a tebur: abin da aka faɗa, wa ya faɗa, shi kuma a ina ya ji. Ban san darasin da ya fi wannan amfani ga yaron da gobe zai buɗe WhatsApp ya tarar da labari ba mai shi ba. Wani rukuni ya bi ta kan Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, suka koma tambayar magina yadda ake yin tubali da bakan gizo na ƙasa, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi. Sun kauce daga ganuwa, na ƙyale su.

Aikin malam a tsakiyar zango

Yawo da kame baki. Ina zagayawa da tambaya uku a aljihu: me kuka gwada, me ya faru, me za ku yi yanzu? Wajen mako na biyar komai yakan tsaya cak. An yi faɗa a rukuni, wani ya goge hotuna bisa kuskure, ɗoki ya ƙare. Shekarar farko na tsorata na karɓe aikin na ƙarasa musu, ya yi kyau, ba su koyi komai ba. Yanzu na san lokacin yana zuwa. Maganinsa ƙaramin wa'adi: kafin Alhamis kowane rukuni ya nuna abu ɗaya da ya kammala, kome ƙanƙantarsa. Sannan rukunoni su yi musayar aiki, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya burge shi da abu ɗaya da bai gane ba. Gyaran ɗan'uwa yakan shige su fiye da jan birona.

Duk ranar darasi, kafin a tashi, ana tura komai cikin kwamfutata, kowane rukuni da jakarsa (folda). Tun ranar da waya ɗaya ta faɗa kwata da hirar mutum uku a cikinta na koyi wannan.

Darasin allo bai mutu ba. In na ga rukuni huɗu sun maƙale a wuri ɗaya, sai in tsayar da kowa in yi bayanin minti goma, a koma aiki.

Kowane yaro yana da littafin aiki, mai ganye 40 ya isa. Layi uku a ƙarshen kowane zama: abin da na yi da hannuna, abin da ya gagare ni, abin da zan yi gaba. Yanzu da ChatGPT, mai rubuta wa mutum duk abin da ya nema, ya shigo wayoyin yayyensu, rahoto mai santsin Turanci ba ya burge ni. In na ga kalmar da ta fi ƙarfin mai ita, sai in ce, "Zo ka faɗa mini wannan da Hausa." Nan take ake gane mai kaza da mai romo. Daɗin abin ma, ba na'urar da ta san milimita nawa aka yi a bayan ajinmu daren Talata.

Akan sami yara uku ko huɗu da kwamfutar kanta ce ke jan su. Waɗannan ina zaunar da su kan Scratch, manhajar da jami'ar MIT ta fitar a 2007 don koya wa yara shirya umarnin kwamfuta ta hanyar jera tubala. Ana sauke ta a yi aiki ba intanet. Sun yi ɗan shiri wanda za ka ba shi tsawo da faɗin rufinka da milimita, ya faɗa maka jarka nawa. Ba na tilasta wa kowa wannan.

Maki

Daga makin gwajin cikin zango nake ɗiba, kuma tun makon farko nake manna yadda za a raba. Rabi na mutum ne shi kaɗai: littafin aikinsa da tambayoyin baki na minti biyu. Sauran rabin na rukuni ne, tsakanin ingancin bayanan da suka tara da yadda suka gabatar. Kyan kwali da ƙyalƙyalin bidiyo ba su da maki, in ba haka ba ɗan mai kuɗi ne zai ci. Rukunin da ma'auninsa ya lalace, ya rubuta dalili ya sake, yakan fi wanda lambobinsa suka zo sumul ba ko tangarɗa, don irin wannan sumul ɗin ina zarginsa.

Ranar nuni

Sa ranar tun farkon zango, ka haɗa ta da taron iyaye da malamai don kada ka kira mutane sau biyu. Gayyaci waɗanda aka yi hira da su, da mai unguwa, da duk wanda ya ba da aron waya. Ba mu da majigi. Kowane rukuni da teburinsa, da kwali, da waya, da ma'auninsa, baƙi suna zagayawa. Minti biyar, da Hausa, sannan taƙaitawa da Turanci saboda iyayen da ba Hausawa ba da kuma jarrabawa. Kowa sai ya yi magana, ni kuma ina can baya.

Wani uba, magini ne, ya tsaya a teburin 'yan ruwa ya ce tankin da suka zaɓa in ya cika nauyinsa zai fi tan biyar, a kan me za su ɗora shi? Suka yi tsuru-tsuru. Ba su taɓa tunanin lita ɗaya kilo ɗaya ce ba. Mai ba da rahoto ta ce, "Baba, ba mu lissafa wannan ba, amma in ka ba mu mako ɗaya za mu kawo maka." Ya yi dariya ya ce su same shi wurin aiki ranar Asabar ya nuna musu yadda ake zuba dakali.

Bayan taro a goge hotunan mutane daga wayoyin, a kwafe jakunkunan cikin memori biyu, ɗaya a ofis ɗaya a wurinka. A kai wa kowane dattijo kwafin hirarsa a takarda, yaran da suka yi hirar su za su kai. Babban tankin dai har yau ba a saya ba. Ƙungiyar iyaye ta kawo duro biyu da makwarara ta gefe ɗaya, da su ake wanke ban-ɗaki da damina. Littattafan awon suna cikin akwatin wayoyi, kuma 'yan aji biyu na bana sun riga sun ɗauko su, wai suna so su ga ko Yulin bara ta fi ta bana ruwa.